Ma'aikata na turo saƙon aiki har tsakar dare: me wayarka za ta iya yi, me ba za ta iya ba?

Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, kuma yawancinsu daga masu riƙe da ma'aikata ne. Mun saba jin ma'aikaci yana kukan oga ya hana shi barci. Ga shi yanzu ogan ma ya zo da nasa kukan.

Tambaya: Malam, ni shugabar sashe ce a wurin aikinmu. Lambar da 'yan'uwana suke da ita, ita ce a hannun ma'aikatana. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare sai wani ya turo yana neman izinin hutu, wata ta turo takarda in duba, wani kuma ya rubuta "salam" kawai ya zauna jiran amsa. Idan na kashe waya hankalina ba ya kwanciya, kada wani abu na gaske ya faru a rasa ni. Yaya zan yi?

Hajiya, kafin ki taɓa setin waya akwai aikin da babu manhajar da za ta yi miki shi. Ma'aikatanki suna turowa da dare ne domin sun gwada sun ga ana amsawa. Sabo turken wawa. Idan kika yi shiru ba tare da kin faɗa musu komai ba, wasu za su ɗauka fushi kike, wasu kuma su koma kira. To ki fara da sanarwa, a rubuce, gajeriya. Misali: "Daga ƙarfe shida na yamma zuwa takwas na safe ba na duba saƙon aiki. Ku turo, zan gani da safe. Idan abu ne da ba zai kai safiya ba, kamar haɗari, ko gobara, ko asarar da za a iya tarewa a daren, ku kira ni a waya. In ban ɗauka ba, ku sake kira nan take." Ki lura, ba a hana kowa turowa ba. An dai bar ƙofa ɗaya ta gaggawa, an kuma faɗi abin da ya cancanci shiga ta nan. Neman hutu ba ya ciki.

Sai a zo kan waya. Shawarata ita ce ki raba lamba. Tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ya ba da damar a sa asusu biyu a cikin manhaja ɗaya a wayoyin Android, amma ga irin matsalarki ban fi son wannan hanyar ba, domin duk abin da kika yi wa manhajar daga setin waya ya shafi asusun biyu: kin toshe ma'aikata, kin haɗa da mahaifiyarki. Gara ki sauke WhatsApp Business, wanda ya fito tun 2018, ki ɗora lambar aiki a kansa, ki bar na asali ga gida. Waya tana ganinsu a matsayin manhajoji biyu daban, saboda haka za ki iya rufe bakin ɗaya ki bar ɗaya. Lamba ɗaya ba ta zama a kan su biyun lokaci guda, dole sai da layi na biyu. Kuma tunda ma'aikata sun riga sun riƙe tsohuwar lambar, sau da yawa ya fi sauƙi a bar musu ita a ba dangi sabuwa. Mutanen gida sun fi saurin sauyawa.

Wani kuskure da mutane suke yawan yi shi ne kashe sim ɗin aiki da yamma da tunanin an huta. WhatsApp ba ruwansa da sim bayan an yi rajista. Muddin akwai data a ɗaya layin ko kina kan wayifai, saƙonni za su ci gaba da shigowa, abin da kika toshe kawai shi ne kiran waya, wato ainihin ƙofar da kike so ki bari a buɗe.

A cikin WhatsApp Business akwai wurin kayan aikin kasuwanci. Ki sa lokutan aikinki, sannan ki kunna saƙon da ke fita da kansa idan ba kya nan, ki zaɓi ya riƙa fita bayan lokutan aiki kawai. Nan za ki liƙa waccan sanarwar a taƙaice. Wanda ya rubuto "salam" da tsakar dare zai samu amsa nan take, ba kuma daga hannunki ba. Sai dai saƙon ba ya fita idan wayar ba ta kan intanet.

Sauran rufe ƙarar. Idan Android ce, ki shiga setin, ki nemi Digital Wellbeing, a ciki akwai tsarin mai da hankali inda ake zaɓar manhajojin da za a dakatar, a sa musu jadawali. Da lokacin ya yi, alamar manhajar a fuskar waya sai ta koɗe ta koma toka-toka, sanarwarta ta daina fitowa, in kika taɓa ta ma sai wayar ta tuna miki cewa ke kika dakatar da ita. Wayoyin Samsung suna da nasu tsarin mai suna Modes and Routines da ke yin irin wannan aikin. Idan iPhone ce, tun iOS 15 na shekarar 2021 akwai Focus, wanda za ki gane da alamar jinjirin wata. Ki ƙirƙiri na yamma, ki zaɓi mutane da manhajojin da aka yarda su dame ki, ki sa masa lokacin kunnuwa da mutuwa.

Yanzu ga dalilin da na ce a sanarwar a rubuta "ku sake kira nan take". Tsarin "kar a dame ni" (Do Not Disturb) na Android da iPhone yana da zaɓin barin mai maimaita kira ya wuce. A iPhone, idan mutum ɗaya ya sake kira cikin minti uku, kira na biyu zai yi ƙara. A Android tazarar minti goma sha biyar ce. Kenan wanda ya kira sau ɗaya don tambayar inda aka ajiye makulli zai haƙura, wanda kuma wuta ta kama masa zai sake bugowa ya same ki. Mai gadi, ko mataimakinki, ko duk wanda kika san ba ya kira a banza, ki sa shi cikin waɗanda aka yarda kiransu ya shigo tun a karon farko. Bayan kin gama, ki ba wani waya ya gwada: ya turo saƙo, ya kira sau ɗaya, ya kira sau biyu. Kamfanonin waya suna sauya wurin waɗannan abubuwa da sunayensu, kada ki kwanta kina zaton ƙofar a buɗe take alhali a kulle.

Tambaya: Ni matsalata shuɗin tik ne. Da na buɗe saƙo sun ga na karanta, sai in ji kunyar ƙin amsawa. In kashe shi?

Kana iya kashewa a ɓangaren sirri na setin, amma da sharuɗɗa. Kai ma ba za ka ƙara ganin ko an karanta naka ba, ba za ka ga waɗanda suka kalli status ɗinka ba, kuma a zauren WhatsApp, wato group, ba ya aiki sam, kowa zai iya duba wa ya karanta. Tun 2022 ana iya ɓoye cewa mutum yana onlayin ma.

Ni dai ban ga amfaninsa sosai ga shugaba ba. Da rana kana buƙatar sanin ko an ga umarninka, su ma suna buƙatar sanin ko ka ga rahotonsu. Kuma ɓoye tik bai hana ka karantawa ba. Ka karanta, abin ya shiga kanka, barcin ya tafi, sai dai kawai mai turowa bai sani ba. Maganin shi ne kada ka buɗe.

Tambaya: Zauren WhatsApp na ofishinmu ba ya barci. Aiki, barkwanci, gaisuwa, duk a wuri ɗaya. Na sa shi shiru amma wani lokaci yana ƙara.

Yana ƙara ne idan an ambaci sunanka ko an amsa maganarka kai tsaye, WhatsApp yana barin waɗannan su wuce. Kuma zaɓin sa shiru uku ne kacal: awa takwas, mako ɗaya, ko har abada. Babu na "kowane dare". Idan kai ne admin, akwai setin da ke sa admin kaɗai su iya turo saƙo, kana iya kulle zauren da yamma ka buɗe da safe, amma da hannu ake yi, kuma ranar da ka manta ka buɗe za ka sha kira. Abin da ya fi ɗorewa shi ne zaure biyu: na aiki zalla mai ƙa'idar lokaci, da na hira wanda kowa zai sa shiru yadda ya ga dama.

Tambaya: Yallaɓai, gaskiya ni ne mai laifin. Da dare abubuwa suke faɗo mini, in ban tura wa ma'aikata a lokacin ba zan manta. Ina rubuta musu cewa ba sai sun amsa ba, amma suna amsawa, daga nan hira ta ɓarke.

Za su amsa mana. Kai ne mai sa hannu a ƙarin girmansu, "ba sai ka amsa ba" daga bakinka ba ta da nauyin da kake zato. Kuma wanda ka taso da sha ɗaya na dare yau, gobe ba zai ga laifin taso ka ba.

Ka rubuta a lokacin da abin ya faɗo maka, amma kada ya isa sai safiya. Gmail ya kawo wannan tun 2019: a kwamfuta, kusa da maɓallin turawa akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa, ka taɓa ta ka zaɓi rana da lokaci, a waya kuma yana cikin ɗigo ukun nan na sama. Manhajojin aikin ofis irin su Outlook, Slack da Teams duk suna da irinsa. A Telegram, danne maɓallin turawa za ka yi ka riƙe, sai ya ba ka zaɓin sa lokaci ko turawa ba tare da ƙara ba. Idan a WhatsApp kuke aiki, dabara mafi sauƙi ita ce ka tura wa kanka. Ka buɗe sabuwar hira, lambarka tana saman jerin, ka zuba duk abin da ya faɗo maka a can, da safe ka rarraba. Za ka tarar rabinsu ma ba su cancanci turawa ba. Kada ka sauke jabun WhatsApp irin su GB saboda an ce suna tura saƙo a kan lokaci. Kamfanin yana rufe asusun masu amfani da su, kuma ba ka san hannun da takardun ofishinku za su faɗa ba.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane cewa roƙon mutane su kame hannu bai isa ba. A ƙarshen 2011 kamfanin motoci na Volkswagen a Jamus ya sa na'urorinsa su daina tura imel zuwa wayoyin BlackBerry na wani rukunin ma'aikata rabin awa bayan tashi daga aiki, sai rabin awa kafin a koma. Daimler kuma, shi ma kamfanin motoci na Jamus, a 2014 ya ba ma'aikata zaɓin a goge duk imel ɗin da ya shigo suna hutu, a sanar da mai turowa, a nuna masa wanda zai tuntuɓa. Na Daimler ya yi tsauri ga ƙaramin ofis, amma dabarar nuna wa mutum wata ƙofa maimakon a bar shi tsaye abin koyi ce.

Tambaya: Da gaske akwai ƙasashen da doka ta hana saƙon aiki bayan an tashi?

Akwai, sai dai kowace da irin tata. Faransa ta fara aiki da tata ranar 1 ga Janairun 2017, inda aka wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan yadda za a kiyaye lokacin hutu. Fotugal a 2021 ta hana masu ɗaukar aiki tuntuɓar ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura mai ƙarfi. Ostareliya daga 26 ga Agustan 2024 ta bi ta wata hanyar: ba ta hana turawa ba, ta dai ba ma'aikaci 'yancin ƙin dubawa ko amsawa, matuƙar ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba. Duk an yi su ne don kare na ƙasa daga na sama. Shugaban da ma'aikatansa suke damu ba ya buƙatar jiran majalisa, shi ne mai kafa ƙa'idar. In kana son sanin matsayinka, ka duba dokar ƙwadago ta ƙasarka da takardar ɗaukarka aiki, musamman idan aikin yana da tsarin zaman jiran kira.

Tambaya: Muna amfani da Teams. Na sa lokutan shiru a wayata, amma akwai ma'aikaci ɗaya da komai nasa "gaggawa" ne, wayar ta yi ta ƙara ba ƙaƙƙautawa.

Alamar gaggawa yake sa wa saƙon. A Teams, saƙon da aka yi wa wannan alamar yana maimaita sanarwa duk bayan minti biyu har tsawon minti ashirin, ko sai an buɗe shi. An yi shi ne don wurare irin asibiti. Slack ma yana barin mai turowa ya keta shirun mutum, amma sau ɗaya a rana. Mai kula da tsarin kwamfutocin ofishinku yana iya cire wa wani rukunin ma'aikata damar tura saƙon gaggawa daga ɓangaren dokokin saƙonni, ka yi masa magana. Kafin nan ka kira ma'aikacin gefe, ku buɗe saƙonninsa na baya-bayan nan tare, ka tambaye shi wanne ne a ciki da an bar shi zuwa takwas na safe wani abu zai lalace. Wanda ya nuna da hujja, ka ƙara shi a jerin abubuwan da aka yarda a kira ka a kansu.