Yaran gidanmu ba sa jin maganar manya, ya zan yi?

Ɗan'uwa, ka ce ƙannenka kullum suna fada, wato majalisar hirar samari, shayi da waya, tsoho na magana suna hamma, kana son ka jawo su.

Ni a ganina kar ka fara da wa'azi. Je ka fadar tasu, ka sayi sukari da ganye ka zauna, sai an zo shayi na biyu ka jefo labari. Tambaye su wa ya gina ganuwar Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, yawanci shiru za ka ji, daga nan ka kai su wajen kaka ya ba su labarin Sarkin Damagaram Tanimun da ya gina ta, da igwoginsa, da yadda Damagaram ta riƙe babban birnin Nijar har 1926, su ɗauki muryarsa da wayar nan tasu. Wanda hannunsa ke so kuma a haɗa shi da dattijo mai sana'a, dukanci ko ƙira.

Inda ake kuskure shi ne gori, "mu a zamaninmu", da kunyata yaro gaban abokansa, wallahi daga ranar ya rufe kunne.

Amma in ka ga alamar tramol ko rashin barci da yawan faɗa, wannan ya wuce hira, ku kai shi asibiti likita ya duba shi.