Malamin tuƙi da batun birki

Malam, ka tambaya ko daidai ne hukuma ta janye wa malamin tuƙi takardar shaidarsa don ya fito fili ya ce motocin koyarwarsu birkinsu ba ya ci. Wallahi zalunci ne. Shi ke zaune gefen ɗalibi a cunkoson Kwangila a Zariya, tirela a baya, ɗan acaɓa a gaba. In an hukunta shi, sauran malamai za su kama bakinsu, motar kuwa tana kan titi. A harkar jirgin sama, Amurka tun 1976 take karɓar rahoton matsala a asirce don kada tsoro ya hana magana. A kai motar wurin bakanike tukuna. Shi kuma malamin tuƙin ya rubuta ƙorafinsa, ya ajiye kwafi.