Yaya, wasan da ka gani a ajina karatu ne

Salamu alaikum Yaya. Ina fata kun tashi lafiya, kai da iyali, ya kuma ƙarfin jikin Baffa? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Saƙonka ya iso ni tun ranar Talata, amma na bari sai da zuciyata ta kwanta kafin in amsa, don ba na son in yi wa babban wa magana da zafin rai.

Ka kalli ɗan bidiyon ajina da na tura wa dangi, ka ga yara suna tsalle suna tafi, wasu sun baje marafan kwalba a ƙasa, sai ka tambaye ni ko wannan makaranta ce ko dandali. Ka kuma ƙara da cewa ka kasa kunne ba ka gane Hausar da suke yi ba, anya yaran Kumasi Hausawa ne har yanzu? Ta farkon ba ta dame ni ba, iyayen yara ma suna yi mini ita a nan. Ta biyun ce ta tsaya mini a rai.

'Yan aji ɗaya nake koyarwa, a wata firamare ta gwamnati nan unguwar Aboabo a Kumasi, irin makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a hukumar ilimi ta Ghana a 1987, inda ake haɗa boko da Arabiyya. Yarana 'yan shekara shida ne zuwa bakwai. Kafin su zo hannuna sun yi shekara biyu a ajin share fage, wanda ku kuke kira rabin aji, domin tun gyaran da aka yi wa ilimi a 2007 aka mayar da shekaru biyun nan cikin karatun dole. A 2019 kuma aka kawo sabuwar manhaja wadda ta ce ƙananan yara su riƙa koyo da hannunsu da jikinsu, ta hanyar wasa da waƙa da labari, a rage zaman jugum ana maimaita abin da malami ya faɗa. Saboda haka abin da ka gani ba son raina ba ne. Amma ko da ba a rubuta shi ba, ni haka zan yi.

Marafan kwalbar nan kuɗi ne. A lungun ajin muna da kasuwa: gwangwanayen madara, kwalin ashana, ganyen da muke naɗewa ya zama ƙunshin wake da shinkafa, wanda mutanen nan suka ari sunansa daga bakinmu suke cewa waakye. Yarinya ta zauna tana sayar da koko da ƙosai, yaro ya zo da marfi goma ya sayi na bakwai. Sai ta ba shi canji. Idan ta ba shi biyu, wallahi ba zai tashi daga wurin ba sai ta cika masa ɗayan. Yaron nan da zan rubuta masa goma a ɗebe bakwai a allo, kallona kawai zai yi. Amma a kasuwa ba wanda ya isa ya cuce shi, don tun yana goye yake jin uwarsa tana ciniki a Alabar ko Kejetia. Aikina shi ne bayan an tashi kasuwa in kira shi gaban allo, in ce rubuta mini abin da ya faru tsakaninka da mai ƙosai. A nan lissafin yake shiga, kuma ba ya fita.

Tsallen da ka gani sunansa ampe, wasan 'yan matan ƙasar nan ne. Biyu suke fuskantar juna, su yi tafi, su yi tsalle, kowacce ta miƙa ƙafa ɗaya, sai a duba ko ƙafafun sun dace ko sun saɓa, a ba wadda ta ci maki. Da shi nake koya musu dama da hagu, da ƙirga maki biyu-biyu. Muna kuma buga oware, mai gurbi goma sha biyu da 'ya'ya arba'in da takwas, huɗu a kowane gurbi. Ba irin darar da kuke yi a gindin bishiya ba ce, wannan zuba 'ya'ya ake yi gurbi-gurbi ana zagayawa. Ba mu da na katako, kwandon ƙwai na takarda muke yankawa mu zuba tsakuwa.

Wanda na fi so shi ne na ranakun mako, kuma shi ne zai kai ni ga tambayarka ta biyu. Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, suna raɗa wa yaro sunan ranar da aka haife shi, kamar yadda muke yi. Sai in zana gida bakwai a ƙasa da alli, in ce kowa ya ruga gidan ranarsa. Jummai da Ɗanjuma su tarar da Afia da Kofi a gida ɗaya. Asabe ta haɗu da Ama, Ladi da Akosua, Talatu da Abena, Lami da Yaa. Ranar da muka fara, wata yarinya ta rungume ƙawarta tana ihu wai ashe sunansu ɗaya ne ba su sani ba. Cikin mako guda duk ajin sun haddace ranakun da Hausa da Twi, wato harshen Asante, da Turanci, ban ɗaga wa kowa murya ba.

To Yaya, ga abin da ba ka sani ba. A ƙa'idar ƙasar nan, ana so a fara koyar da ƙananan yara da harshen gida kafin Turanci ya karɓe. Harsuna fiye da goma gwamnati ta amince da su a makarantu, akwai Twi na Asante da na Akuapem, da Fante, da Ewe, da Ga, da Dagbani, da Gonja da sauransu. Babu Hausa a ciki. Ana ganinta harshen baƙi ne, duk da cewa daga Nima a Accra har Tamale da ita ake ciniki a zango, da ita ake wa'azi, da ita ake sulhu. Saboda haka littafin da aka ba ni na Twi ne, jarrabawa kuma da Turanci. A jadawalin darasi Hausa ba ta da ko minti ɗaya. Ƙofar da take shigowa ajina ita ce wannan wasan da ka raina. Idan aka buɗe kasuwar marafai, ɗan Dagomba da ɗan Mosi da ɗan Kotokoli da ɗan Zabarma da ɗan Asante, duk da Hausa suke taya kaya suna cewa albarka. Ranar da aka hana wasa aka ce kowa ya naɗe hannu ya kalli allo, ranar Hausa za ta tsaya a bakin ƙofa.

Na yarda, Hausar tamu ba irin ta Kano ba ce. Yaro a nan zai ce maka Inna ya tafi kasuwa, bai san ana cewa ta tafi ba. Ƙa da ka duk ɗaya ne a bakinsa, ɗa da da haka. Kalmomin Twi da Turanci sun cika ta. Ni kaina wannan rubutun da nake yi maka da Hausar littafi nake yi, wadda na koya a gindin rediyo da bakin Kaka, idan na fita tsakar gida harshena yana juyawa. Amma ina so ka lissafa da ni. Kakan kakanmu da jakai ya biyo hanyar Gwanja neman goro. Bayan yaƙin basasar 1892 a Salaga, kasuwar goron Gwanja, fatake suka watse, wasu Kete Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, namu kuma daga baya suka gangaro Kumasi. Yau sama da shekara ɗari muna kwana muna tashi a tsakiyar masu wani harshe, ba makarantar gwamnati da ta taɓa koya mana namu, kuma har gobe jariri a gidanmu da Hausa yake fara kiran uwarsa. Da a ce an ɗauke unguwarku an dasa ta a nan tsawon wannan lokaci, ban san wace irin Hausa jikokinka za su yi ba.

Kuma kar ka manta yadda aka yi ka zama Bakano. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa. Gidanmu ya rabu biyu. Baffa, mahaifinka, ya hau babbar mota da buhu ɗaya da tabarma, mahaifina ya zauna saboda Kaka ta ce ba za ta bar kabarin mijinta ba. Ta sha ba ni labarin safiyar nan, yadda ta ƙulla wa Baffa goro a gefen zane, ta tsaya a bakin titi har ƙurar motar ta kwanta. A Kumasi aka yanke wa mahaifinka cibiya, Yaya. Tambaye shi wasan da ya yi yana yaro, ina da yaƙinin ya buga oware a ƙofar gidan nan da nake zaune. Shi ya sa idan wani daga wajenku ya jefo mana karin maganar nan ta kowa ya bar gida gida ya bar shi, nakan rasa wa ake nufi a cikinmu.

Maganar aure ma gara in taɓo ta, tunda na san tana ƙarƙashin tambayarka. E, ƙanena ya auri 'yar Asante, kuma na san abin da aka faɗa a Kano lokacin bikin, da dalilin da ya sa ba wanda ya zo. Baiwar Allah nan ta musulunta tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, yanzu ita take tashin gidan sahur. Su Asante ta wajen uwa suke jan dangi, mu ta wajen uba, saboda haka 'ya'yanta ba su rasa kowa ba, can ana cewa nasu ne, nan muna cewa namu ne. Babbar 'yarta tana ajina bana. Ita ce take fassara wa sababbin yara tsakanin Twi da Hausa, kuma ranar saukar izu ɗaya ta yayanta ita ta raba waina gida-gida. Ban ga abin da ya ragu a Hausancinta ba.

Ka ce a zamaninku da bulala aka yi karatu kuma ga shi kun zama mutane. Mu ma da ita muka yi, kuma ina ganin girman malaman da suka koyar da mu. Amma ina tuna yara nawa ne a cikin sa'o'ina suka gudu daga makaranta saboda tsoro, suka ƙare a tasha suna dako. Hukumar ilimi ta hana duka a makarantu tun 2017, wasu malaman har yau suna gunaguni. Ni abin da na gani da idona shi ne yaron da ke ɗokin zuwa makaranta ba ya fashi. Makarantar allo kuwa tana nan daram, yaranmu suna zuwa da yamma da kuma Asabar da Lahadi, suna wanke allo suna biya karatu da ƙarfi kamar yadda kuke yi. Kai ma ka san waƙe baƙaƙe ake yi ana rausaya, ba wanda ya taɓa cewa wannan ya zubar da mutuncin karatu.

Ba zan ɓoye maka wahalar ba. Yara sittin da 'yan kai nake da su a ɗaki ɗaya. Manhaja ta ce a ware lungun karatu da lungun gini da lungun kasuwa, amma ba ta zo da kuɗin sayen ko takarda ba. Kwalayen da nake yanka haruffa a wajen masu shago nake roƙa, marafai kuma yara ke tsinto mini. Akwai kuma malaman da suka mayar da abin hutu, su saki yara su koma gefe suna danna waya, su ce ai wasa ake yi. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, don su ne suke ja mana zagi. Wasan da ba malami a tsakiyarsa yana tambaya, nawa suka rage, me ya sa, wa zai nuna mana, ba karatu ba ne. Iyaye kuma idan suka buɗe littafin yaro ba su ga shafi cike da jan biro ba, sai su zo da faɗa. Wata uwa ta taɓa tsare ni a bakin ƙofa, na kira ɗanta na zube masa tsakuwa ashirin na ce raba wa mutum huɗu. Ya raba, biyar-biyar. Ta yi shiru, washegari ta aiko mini da buhun marafai.

Ranar Alhamis kafin a tashi muna yin tatsuniya. Su nan suna da Ananse, mu muna da Gizo, kuma yara sun daɗe da gane cewa halinsu ɗaya, wayo da haɗama. Wani mako a yi na Ananse da Twi, wani mako in zauna a kan tabarma in ce ga ta nan ga ta nanku, aji duka, har 'ya'yan Asante, su amsa ta zo mu ji ta. Bayan an gama su tashi su kwaikwaya, wannan Gizo, wannan Ƙoƙi, wannan kura. Tatsuniyoyin Kaka ne nake ba su, da muryarta, har inda take tsayawa ta gyara ɗaurin ɗankwali. Sai dai akwai guda ɗaya, ta Gizo da baurensa a tsakiyar ruwa, da ƙarshenta ya kuɓuce mini tun rasuwarta. Mahaifina ba ya nan balle in tambaye shi.

Don Allah Yaya, idan jikin Baffa ya yi sauƙi, ka zauna kusa da shi ka naɗo mini ita a waya daga bakinsa, ko da kaɗan-kaɗan ne. Ka kuma sa 'yan matanka su yi carafke da 'yar gala-gala ka ɗauko mini hotonsu, don a nan ƙa'idojin sun fara ɓace mana, ina so in nuna wa ajina kafin hutun ƙarshen zango. Ka gaida Baffa da Inna da mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara.