Tsutsar tumatir ta riga ta shigo, to me ya rage wa masu killace tsirrai?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni manomin tumatir ne. Na so in shigo da dashe daga wata ƙasa, jami'an killace tsirrai suka ce sai da takardar shaidar lafiya, saboda tsutsar nan Tuta absoluta. To ai tsutsar tana gonakinmu tun tuni. Me ake tarewa kuma?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka tana kan hanya, amma ina bayan jami'an, kuma ga dalilina.

Asalin ƙwaron da ke haifar da tsutsar nan daga Kudancin Amurka yake. A 2006 aka fara ganinsa a Sifaniya, zuwa 2008 ya tsallaka Arewacin Afirka, a 2014 ya isa Indiya, a 2016 kuma ɓarnarsa ta kai har gwamnatin jihar Kaduna a Najeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Ƙwaron da tsawonsa bai wuce milimita 7 ba, ba fukafukansa ne suka kai shi wannan nisa ba. Mutane ne suka ɗauke shi, a cikin dashe, da tumatir mai ganye a kai, da kwanduna da akwatunan da ake mayarwa gona ba a wanke ba.

Abin da ya sa yake da wuyar sha'ani shi ne yadda yake rayuwa. Macen tana iya zuba ƙwai har kusan 260, galibi a bayan ganye, ƙanana ƙwarai. Da zarar tsutsa ta ƙyanƙyashe sai ta huda ganyen ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, tana ci daga ciki. Shi ya sa za ka ga ganye ya yi farin tabo kamar an ƙona shi. Daga nan ta shiga kara da 'ya'yan. A lokacin zafi, cikin kusan wata guda ƙwai ya zama babban ƙwaro mai yin nasa ƙwan, don haka a shekara ana iya samun zuriya 10 zuwa 12. Inda aka yi sakaci, asara takan kai kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari.

Yanzu ga amsar tambayarka. Wannan saurin haihuwa, haɗe da yawan feshi da magani iri ɗaya, shi ke sa ƙwaron ya saba da guba. A wasu ƙasashen Turai da Kudancin Amurka an tabbatar da zuriyar da wasu manyan magunguna suka daina kashewa. Idan dashenka ya zo da irin wannan zuriya, ka shigo da tsutsar da maganin da ke aiki a gonarka yau ba zai taɓa ta ba gobe, kuma ba gonarka kaɗai za ta tsaya ba. Bayan haka, jami'in ba Tuta kaɗai yake nema ba. Akwai farin ƙuda da cututtukan da yake yaɗawa, da wasu ƙwarin da ba su iso ba tukuna. Takardar da ya nema tana ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951, wadda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ke kula da ita. Hukumar ƙasar da kayan suka fito ce ke bayar da ita bayan ta duba su.

Shawarata, ka sayi ƙwayar iri mai shaida ka rene ta da kanka ƙarƙashin raga, domin tsutsar ba ta tafiya a cikin busasshen iri. Idan kuma lallai dashe kake so, nemi izinin shigowa tun kafin ka biya kuɗi, sannan ka ware shi nesa da sauran shuka na wasu makonni kana dubawa.

Ita ma gonarka tana da iyakar da kai ne jami'inta. Kada kwandon da ya dawo daga kasuwa ya shiga ba tare da an wanke shi ba. Kafa tarko mai ƙamshin macen ƙwaron don ka san ranar da mazan suka iso. Bayan girbi a tuge tsohuwar shuka a ƙone ko a binne, kuma kada a bi tumatir da gauta ko dankalin Turawa, domin duk dangi ɗaya ne kuma tsutsar tana cin su. Wajen feshi, a riƙa sauya rukunin magani, ba sunan da ke jikin kwalba kawai ba.