Tambaya da Amsa: Nawa ake kashewa kafin a shiga gasar Dakar da babur?

Tambaya: Salam, tun ina yaro a Agadez nake jin labarin masu tseren Dakar da suke ratsa hamadar Tenere, ni ma ina da babur kuma na iya shi sosai a rairayi. Don Allah kuɗin lasisi da na shiga gasar nawa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya lasisi ba shi ne mai karya baya ba, hukumar tseren babura ta duniya, wato FIM, ce ke bada na ƙasa da ƙasa amma ta hannun ƙungiyar babura ta ƙasarku za ka nema, sai likita ya duba lafiyarka, ga inshora, kuma duk shekara ake sabuntawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin shiga. Kamfanin ASO na Faransa mai shirya gasar yana karɓar sama da Yuro 10,000 kan babur ɗaya, wannan fa rijista ce kawai, ba a zo maganar babur ɗin ba wanda dole injinsa kar ya wuce 450cc, ga tayoyi ga makanike ga tikitin jirgi zuwa Saudiyya tunda can ake yinta daga 2020. Kuma ba sa ɗaukar sabon hannu sai ka nuna ka gama wasu gasanni irin na Maroko, su ma kowacce da kuɗinta. Abin na damuna wallahi, don yara masu hazaka da yawa a nan suke tsayawa.

Akwai rukunin Malle Moto, kai ne direba kai ne makanike, yana rage kashe kuɗi sosai amma wahalarsa ba kaɗan ba. Fara da lasisin gida da ƙananan gasanni, kana neman masu ɗaukar nauyi.