Imel yana buɗuwa, amma shafin gudanarwa na Microsoft Entra ya ce ba ni da izini

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a nan Daura. Wanda ya haɗa mana tsarin Microsoft ya bar aiki, amma ya buɗe mini asusu kafin ya tafi. Imel yana buɗuwa lafiya, sai dai in na je entra.microsoft.com don in ƙara sabbin malamai, sai a ce ba ni da izini. Wani lokacin kuma wata lamba mai farawa da AADSTS ce ke fitowa. Na canza kalmar sirri, abin bai sauya zani ba. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka bar wahalar da kanka da kalmar sirri. Tunda imel yana buɗuwa, tsarin ya riga ya gane ka. Abin da ya rage shi ne a gano ko ba a ba ka iko ba ne, ko kuma wata ƙa'ida ce ta tare ka a hanya.

Fara da mai sauƙi. Buɗe tagar sirri a burauza, wato Incognito ko InPrivate, ka shiga da asusun makaranta kaɗai. Mutane da yawa suna da asusun kansu na Outlook ko Hotmail a kwamfuta ɗaya, burauza kuwa takan ɗauko shi ba tare da tambaya ba. In lambar da ka gani AADSTS50020 ce, to ga matsalar nan: asusun da ka shiga da shi ba ya cikin rajistar makarantarku. Duba kusurwar dama ta sama, ka tabbatar sunan makarantar ne a ƙarƙashin naka.

In ka yi haka kuma saƙon rashin izini bai gushe ba, mun zo inda na fi zato. A Microsoft Entra ID, tsarin da ke kula da asusun ma'aikata, wanda ake kira Azure Active Directory kafin a sauya masa suna a 2023, akwai maɓalli a cikin saitin masu amfani da ke hana duk wanda ba jami'in gudanarwa ba ganin shafin. Masu haɗa tsari sukan kunna shi, kuma daidai suka yi. Ko da a kashe yake ma, asusun ma'aikaci na yau da kullum ba zai iya ƙirƙirar wani asusu ba. Sai an ba ka matsayi. Nan ne mutane ke ruɗewa: mutum zai iya zama mamallakin rajistar biyan kuɗi ta Azure, ya ga takardun caji da komai, amma ba shi da ta cewa a kan asusun mutane. Iko biyu ne daban, kamar mai riƙe makullin sito da mai riƙe rajistar ma'aikata. Abin da kake buƙata shi ne matsayin User Administrator, wato mai kula da asusun masu amfani. Kada ka nace sai an ba ka Global Administrator, wato mai iko a kan tsarin duka, don aikin ƙara malamai kawai, domin ran da aka sace wannan asusun an sace makarantar gaba ɗaya. Bayan an ba ka matsayin, fita gaba ɗaya ka sake shiga, saboda tsohuwar shaidar shigarka takan kai kusan awa ɗaya tana aiki da tsohon izini.

Sauran lambobin, kowace da abin da take faɗi. AADSTS50053 yawanci kullewa ce saboda kuskuren kalmar sirri: a saitin asali, kuskure 10 yana jawo kullen minti 1, kuma lokacin yana ƙaruwa in aka ci gaba da gwadawa, don haka haƙuri ne maganinta. AADSTS50057 an dakatar da asusun ke nan. AADSTS50076 tana neman tabbaci na biyu ta waya, wanda Microsoft ta fara wajabta wa masu shiga shafukan gudanarwa daga Oktoban 2024. In manhajar Authenticator, mai ba da wannan tabbaci, tana ba ka lamba ana ƙin karɓa, duba agogon wayarka. Lambar tana sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma wayar da aka saita agogonta da hannu takan saɓa. Mayar da shi kan saitin kai tsaye.

AADSTS53003 ce ta fi shafar mutanen yankinku. Ma'anarta wata ƙa'idar shiga ta hana ka, sau da yawa irin wadda ke cewa daga Najeriya kawai za a shiga. Yawanci adireshin intanet ɗinka tsarin yake dubawa, ba inda ka zauna ba. In VPN, wato manhajar da ke sauya adireshin intanet, na kunne, ana iya ganin ka a Turai ko Amurka. In kuma layin Nijar ne a wayar da kake raba intanet da ita, abin da ba baƙo ba ne ga masu zirga-zirgar Kwangwalam, za a ɗauke ka kana ƙetare. Kashe VPN, sa layin gida, ka sake gwadawa.

Duk lokacin da saƙon ya fito, ɗauki hotonsa har da lokaci da dogayen lambobin da ke ƙasa. Da su jami'in gudanarwa zai nemo dalilin a kundin shiga, kuma a tsarin kyauta kwana 7 kawai kundin yake ajiyewa.

Saura tambaya mai nauyi: wa ke riƙe da Global Administrator yanzu? In wanda ya tafi ne kaɗai, shugaban makaranta ya neme shi cikin mutunci ya ba wani matsayin. In ba a same shi ba, sai sashen tallafin Microsoft, kuma za su nemi hujjar cewa makarantar ce ta mallaki tsarin, abin da kan ɗauki kwanaki. Da zarar kun dawo da iko, ku buɗe asusun gaggawa guda 2 masu ƙarewa da onmicrosoft.com, ku ba su cikakken matsayi, kada a ɗaura su a kan wayar ma'aikaci ɗaya, sannan a ajiye bayanansu a ambulan a ofishin shugaban makaranta.