Filin Amsa Tambayoyinku: Kofin Leicester na 2016, sa'a ce ko cancanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah ka raba mana gardama. A majalisarmu wasu na cewa Leicester City sa'a ce kawai ta ba su kofin Firimiya a 2016 saboda manyan ƙungiyoyi duk sun yi barci, ni kuma na ce ƙarya ne. Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka gaya wa mutanen majalisarku cewa sa'a takan ba ka wasa ɗaya ko biyu, amma wasa 38 ake bugawa daga Agusta zuwa Mayu, kuma Leicester maki 81 ta haɗa, ta ci 23, canjaras 12, sau 3 kacal aka doke ta, Arsenal sau biyu sai Liverpool sau ɗaya. Arsenal ɗin da ta zo ta biyu maki 71 gare ta, tazarar maki 10 kenan fa.

Eh suna da ɗan abin kamawa, ba zan ɓoye ba. Chelsea mai riƙe da kofi ta rikice har ta ƙare ta 10, kocinta Mourinho ma bayan Leicester ta ci shi 2-1 a Disamba aka sallame shi, sannan su Leicester ba sa buga gasar Turai don haka suna samun hutu. To amma ai damar rikicewar Chelsea kowa ya same ta, Arsenal da Tottenham me ya hana su ɗauka?

Ni abin da har yau yake taɓa min zuciya shi ne inda suka fito. Kakar da ta gabaci wannan watanni suka yi a ƙasan teburi kowa ya gama yi musu sallah, sai suka ci 7 cikin wasanni 9 na ƙarshe suka tsira. Da aka kawo Claudio Ranieri mutane dariya suka yi, don lokacin bai daɗe da rasa aikin horar da ƙasar Girka ba bayan tsibiran Faroe sun ci su. Jamie Vardy daga Fleetwood aka ɗauko shi kan fam miliyan 1, shi ne ya zura ƙwallo 24, ya kuma ci a wasanni 11 a jere ya karya tarihin van Nistelrooy tsohon ɗan wasan Manchester United, kuma a ragar Manchester United ɗin ya karya shi. Riyad Mahrez na Aljeriya ƙwallo 17, abokan sana'arsa suka zaɓe shi gwarzon shekara, ɗan Afirka na farko da ya samu wannan. Shi kuwa Kante da aka sayo daga Caen, wallahi duk wanda ya kalli yaron nan a gidan kallo ya san ba a wuce shi a tsakiya, ya ƙwace ya miƙa, kafin ka ƙifta ido Vardy ya tsere.

Ranar da ni na sallama ita ce 6 ga Fabrairu, suka je har gidan Manchester City suka ci 3-1, Huth ɗan baya ya ci biyu. Da wasa ya zo gangara kowa na jiran su tsorata, sai suka kulle baya, Morgan da Huth da gola Schmeichel, suka yi ta cin 1-0 har sau huɗu a jere. Ran 2 ga Mayu Hazard ya farke wa Chelsea aka tashi 2-2 da Tottenham da ke bin Leicester a baya a lokacin, kofi ya tabbata nasu saura wasa biyu a gama.

TAMBAYA: Wai Ahmed Musa yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: A'a 'yar uwa, ba ya ciki. Bayan an gama kakar ne ya zo daga CSKA Moscow a watan Yuli 2016, Ndidi kuma sai Janairu 2017. Musa na zuwa ba da jimawa ba Kante ya koma Chelsea, ƙungiyar ta yi sanyi, a Fabrairu 2017 aka kori Ranieri wata tara kacal da cin kofi, korar da ni har yanzu ban ga adalcinta ba. Ta 12 suka ƙare a kakar, duk da sun kai zagayen 'yan takwas a gasar zakarun Turai inda Atletico Madrid ta cire su.